Orkide Mai Tsirowa a Ƙasa: Wani Ya Cika Garka, Wani Yana Ƙarewa a Daji

Duk wanda ya taɓa noman garka ya san shuka hali biyu gare ta. Akwai wadda sai an bi ta da lallashi, a yi mata inuwa, a auna mata ruwa, amma duk da haka ta ƙi. Akwai kuma wadda in ta samu wurin zama, kamar aya-aya cikin fadama, ko hauya ba ta raba ta da shi. Yau za mu ba masu karatu labarin wani dangin furanni wanda ya tara halayen nan biyu cikin gida guda. Sunansa da Faransanci orkide, da shi kuma za mu riƙa kiransa a nan.

Orkide dangi ne babba. Masana ilmin tsirrai sun ƙidaya wajen iri 28,000, ana kuwa samunsu a kowace nahiya in ban da ta ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya. Mafi yawansu, musamman a ƙasashe masu ruwa da zafi, bisa itatuwa suke zaune. Suna maƙalewa ga reshe da saiwarsu, amma ba su tsotson itacen kamar yadda kauci yake yi, wurin zama kawai suka ara. Ko wanda bai taɓa ganin furen ba ya san ƙanshin ɗaya daga cikinsu, gama banilar da ake sa wa biskit da madara daga kwanson wani orkide mai yaɗo ake samo ta. To, maganarmu ta yau a kan ƴan'uwansu take waɗanda ke tsirowa cikin ƙasa kamar albasa ko gwaza. Akwai su a Afirka ta Yamma. Wanda ya yi tafiya kudu da bazara, cikin dajin ciyawa na Benin ko Najeriya ko Gana, mai yiwuwa ya ga wani kara siriri ya fito daga ƙasar da gobara ta cinye, babu ganye ko ɗaya, sai furanni masu ruwan hoda a kansa. Sau da yawa wannan orkide ne na jinsin da masana ke kira Eulophia.

Tun ƙarni na 19 orkide ya yi suna a Turai da cewa furen attajirai ne mai wuyar sha'ani. A lokacin ana aika mutane dazuzzukan Asiya da Amurka ta Kudu su tumɓuko shi, a cika jiragen ruwa, mafi yawa su mutu a hanya ko bayan isowa. Har yau sunan bai bar shi ba. Amma ga abin mamaki: a Sin da Japan da Ingila akwai masu garka da orkide ya yi musu yawa har suna raba wa maƙwabta, alhali a Turkiyya da Tanzaniya sai da hukuma ta sa doka don kada wasu su ƙare ƙaf. Mene ne ya raba su? Sai an tona ƙasa ake ganin amsa.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

In aka tono ɗaya daga cikin orkiden da ke tsirowa kewayen Bahar Rum yana cikin fure, za a iske curin saiwa biyu a gindinsa, kowane kamar ƙaramin dankali. Ɗaya ya yamutse ya yi laushi, ɗaya kuma a cike yake, fari, da ƙarfi. Yamutsattsen shi ne na bara, wanda ya ciyar da ganye da furen bana har ya ƙare. Cikakken shi ne ajiyar baɗi. Idan rani ya shigo, ganye ya bushe, tsohon ya ruɓe, sabon ya kwanta cikin ƙasa yana jiran ruwa. Daga siffar curin nan biyu ne ma dangin duka ya samo suna, domin kalmar orkis da harshen Girka, a gafarce mu, sunan ƴaƴan marainan namiji ce, kuma fiye da shekara 2,000 ke nan da malamansu suka rubuta ta.

Mai karatu ya lura da lissafin. Ɗaya ya mutu, ɗaya ya gaje shi. Irin wannan shuka ba ta ƙaruwa ta saiwa, canji kawai take yi. In ka dasa guda ka yi shekara 10 kana ba ta ruwa, guda ɗin nan za ka iske.

Akwai kuma kashi na biyu, wanda kowace shekara tushensa yake fid da ido biyu ko uku, kowane ido ya zama sabon curi, tsofaffin kuma ba su mutuwa nan da nan. Sai su jeru kamar citta, wani maƙale da wani. In shuka tana ninka kanta sau biyu kowace shekara, guda ɗaya za ta zama 32 cikin shekara 5, ta zama 1,024 cikin shekara 10. Ba kullum lissafin takarda ke cika a garka ba, ɓera yana ci, ruwa yana ruɓar da wasu. Amma ko rabinsa aka samu, tsakanin 1 da 500 akwai nisa.

Sarkin wannan kashi shi ne Bletilla striata, ɗan ƙasar Sin da Japan da Koriya. Ganyensa dogo ne mai nanaɗe-nanaɗe kamar na ƙaramar kaba, furensa ja ne mai sirkin shuɗi. Ba ya neman wata ƙasa ta musamman, ta garka ta ishe shi muddin ruwa ba ya kwanciya. Bayan shekara 3 ko 4 sai a tono gungun, a kakkarya shi da hannu ko a yanka da wuƙa, a tabbata kowane yanki yana da ido, a sake binnewa ba da zurfi ba. Aikin ke nan duka. Wanda ya iya raba tafarnuwa ya iya wannan.

A duwatsun Taiwan da kudancin Sin da Himalaya akwai wani ƙarami mai suna Pleione. Shi kansa ɗan curinsa shekara guda yake yi ya mutu, amma kafin ya mutu yakan bar ɗiya biyu a gindinsa, sa'an nan a bisa kansa, inda ganye ya faɗi, yakan fid da wasu ƴan mitsi-mitsi kamar ƙwayar shinkafa. Masu reno suna tsince su su watsa bisa ƙasa mai laushi, bayan ƴan shekaru su ma su yi fure.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Phaius tankervilleae, wanda aka kai Ingila daga Sin cikin shekara ta 1778. Dogo ne, karan furensa yana kai mita guda ko fiye. Ana raba gindinsa kamar sauran, amma yana da wata hanya ta dabam. In furanni suka kaɗe, sai a yanke karan, a gutsuttsura shi yadda kowane guntu zai samu gaɓa ɗaya, a kwantar da su bisa jiƙaƙƙen rairayi cikin inuwa. Bayan wata 2 ko 3 sai ka ga ɗan tsiro ya ɓullo daga gaɓar da saiwarsa. Wato kamar yadda ake dashen rake ko rogo. Karan da mai garka zai jefar a juji shi ne zai ba shi sababbin shuke-shuke da dama.

Kada dai a ɗauka sauƙin nan babu sharaɗi. Kowane ɗaya yana yaɗuwa ne in ya samu yanayi irin na gidansu. Bletilla da Pleione suna bukatar ɗari na ƴan watanni don su yi barci, in ba su samu ba sai fure ya ƙi. Phaius yana son inuwa da iska mai laima. Abin da ya fi kashe su duka kuwa shi ne alherin mai su: yawan ban ruwa lokacin da suke hutawa, sai curin ya ruɓe. Akwai kuma cuta mai bin wuƙa daga wannan shuka zuwa waccan, shi ya sa ƙwararru suke gasa bakin wuƙa a wuta kafin su taɓa ta gaba.

Iri marar guzuri

Mai karatu zai ce, to, wanda ba ya ƙaruwa ta saiwa ai sai a shuka irinsa. Nan ne wuyar take.

Ƙwayar hatsi ko ta wake tana ɗauke da guzurinta. Garin da muke ci a cikinta, asalinsa abincin ɗan tsiro ne, wanda zai rayu da shi har ya yi ganyen da zai ci da kansa. Ƙwayar orkide ba ta da wannan ko kaɗan. Ƙura ce kawai, in ka hura ta tashi. Uwar ta zaɓi yawa a maimakon guzuri. Charles Darwin, masanin nan na Ingila, wanda littafinsa a kan orkide ya fara fitowa cikin 1862, ya zauna ya ƙidaya ƙwayoyin wani na ƙasarsu. Ya samu wajen 6,200 cikin kwanso guda, shuka ɗaya kuma tana iya yin kwanso 30, wato ƙwaya 186,000 da ɗoriya. Ya lissafa cewa da dukansu za su tsira, su ma su haifa haka, da tattaɓa-kunnen shuka guda sun kusa rufe dukan tudun duniya. A ƙasashe masu zafi ma akwai wanda kwansonsa ɗaya yake ɗaukar ƙwaya kusan miliyan 4. Amma ga shi ba su rufe ko'ina ba, sai an yi yawo ake ganinsu. Darwin ya ga akwai abin da ke tare su, bai dai gano shi ba.

Masu renon furanni na wancan zamani sun lura da abu ɗaya. In suka watsa ƙurar nan cikin sabuwar ƙasa, ko ɗaya ba ta tsira. In kuwa suka watsa ta a gindin uwar, cikin tsohuwar tukunyarta, wani lokaci sai ƴan kaɗan su fito. Suna yin haka ba su san dalili ba.

Wanda ya warware matsalar wani saurayi ne Bafaranshe, Noël Bernard. Cikin watan Mayu na 1899, yana da shekara 25, yana aikin soja a garin Melun, sai ya fita yawo cikin dajin Fontainebleau. Can ya ci karo da wani orkide marar koren ganye mai suna Neottia, wanda karansa ya lanƙwashe ya shige ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye tare da kwansonsa. Da ya buɗe sai ya iske ƙwayoyin sun fara tsira a ciki. Ya duba su da madubin ƙara girma, ya ga kowace ɗaya wasu zaruruwa sirara sun shige ta. Zaren funfuna ne, dangin naman kaza, irin wanda ke zaune cikin ƙasa ido ba ya gani. Wani zai ce cuta ce ta kama su. Shi Bernard ya fahimci abincinsu ke nan: funfunar tana shiga ƙwayar, ƙwayar kuma tana narkar da ita tana ci, har ta samu ƙarfin yin saiwa da ganye. In ƙwaya ta faɗi inda babu irin funfunar da ta dace da ita, sai ta mutu da yunwa. Dalilin da ya sa tsohuwar tukunya take yi, sabuwa ba ta yi, ke nan. Bernard bai daɗe ba, tarin fuka ya kashe shi cikin 1911 yana da shekara 36.

Cikin 1922 wani Ba'amurke, Lewis Knudson, na jami'ar Cornell, ya nuna ana iya yi ba tare da funfuna ba. In abinci ƙwayar take nema, sai a ba ta. Ya haɗa sukari da gishirin taki cikin wani abu mai daskarewa da ake samu daga ciyawar teku, ya dafa cikin kwalba don kashe ƙwayoyin cuta, ya watsa irin a kai, ya toshe. Suka tsira dubbai. Daga baya, cikin 1960, Georges Morel a Versailles yana neman hanyar raba orkide da wata cuta, sai ya gano in aka yanko ɗan ƙanƙanin kan toho aka sa a kwalba, yakan yi ƙullutu, in aka yanka ƙullutun kowane yanki ya sake yin wani, ba iyaka. Wani gidan renon furanni na kusa da Paris, Vacherot da Lecoufle, shi ya fara kai wannan dabara kasuwa. Orkiden da a da sai mai dukiya, yau ana sayar da shi a kantunan Turai kamar kowane fure.

Sai dai kwalba ta fi karɓar masu zama bisa itace. Da yawa daga cikin na ƙasa, musamman na wurare masu sanyi, har yanzu suna ba masana wahala: ƙwayarsu tana da ɓawo mai hana ruwa shiga, wasu sai sun sha sanyi na watanni, wasu kuma in an fid da su daga kwalba aka sa a ƙasa sai su mutu. Bletilla a nan ma ya bambanta. Ƙwayarsa tana da ɗan abin da za ta fara da shi, tana tsira bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa ba kwalba ba funfuna.

Waɗanda suka tsallake shinge

Wasu orkiden ba su ma jira a raba su. Cikin 1883 dutsen Krakatau na Indonesiya ya yi aman wuta ya ƙone duk wani abu mai rai a tsibirin. Ba a cika shekara 15 ba masana suka koma suka iske orkide yana fure bisa tokar, cikinsu har da Spathoglottis plicata. Iska ce ta kawo ƙurar irin daga tsibiran da ke kewaye. Shi wannan Spathoglottis ba ya tsananta zaɓen funfuna, wasu nau'o'insa kuma furensu yana yi wa kansa barbara ba sai ƙwaro ya zo ba. An kai shi Hawai da Porto Riko don ado, yau ga shi nan gefen hanyoyi kamar haki.

Akwai wani ɗan Afirka mai zanen ganye, Oeceoclades maculata, wanda ya ƙetare teku zuwa Barazil. Da wanda aka samo daga can ne ma aka fara rubuta sunansa cikin 1821. Ya bi ta tsibiran Karibiyan, cikin 1974 aka gan shi a Filorida ta Amurka, yanzu yana cikin orkiden da suka fi yaɗuwa a wannan yanki. Dabararsa ita ce ɗigon ruwan sama: in ya bugi furen sai garin barbara ya faɗo inda ya kamata, kwanso ya ƙullu. A Ostareliya kuma wani ɗan Afirka ta Kudu, Disa bracteata, wanda aka fara gani kusa da garin Albany cikin 1944, ya zama ciyawar da ma'aikatan daji ke fita tonewa suna ƙonewa. A riƙe sunan nan Disa, za mu sake gamuwa da shi.

Salep da cikanda

Da a ce orkide ado ne kawai, da maganar ta tsaya ga masu sha'awar furanni. Amma akwai inda abinci ne, kuma rashin sa'a, waɗanda ake ci su ne masu curi ɗaya a shekara.

A Turkiyya, lokacin ɗari, ana sayar da wani abin sha mai zafi mai kauri kamar kunu, na madara da kirfa, ana ce da shi salep. Waɗanda suka yi karatu a Masar sun san shi da sunan sahlab. Da garinsa ne kuma ake yin madarar ƙanƙara ta garin Marash, wadda take da danƙo har sai an sa wuƙa. Garin nan daga curin orkiden daji ake yinsa. Mutanen ƙauye suna fita da bazara lokacin da shukar take fure, domin a lokacin ne ake ganinta cikin ciyawa. Su tono ta, su cire sabon curin, su jefar da sauran. A wanke, a tafasa cikin ruwa ko madara, a shanya har ya yi tauri kamar ƙaho, sa'an nan a niƙa. Kilo guda na busasshen salep yana cin curi 1,000 zuwa 4,000. Kowane curi kuwa shuka guda ce, an ɗauke ajiyarta ta baɗi, an kuma kashe ta tun ba ta zubar da iri ba. Wadda za ta maye gurbinta sai ta fara daga ƙura, ta dace da funfuna, ta yi shekaru kafin ta yi fure. Hukumar Turkiyya ta hana fitar da salep waje, amma kasuwar cikin gida ba ta ragu ba, har masu saye suka koma Iran da ƙasashen Balkan. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan salep a yau ma sitaci ne da ƙanshi, na gaskiyar ya yi tsada.

A Zambiya labarin ya fi kusa da tukunyarmu. Kabilar Bemba ta arewacin ƙasar tana da wani abinci mai suna cikanda. Ana daka busasshen curin orkide, a haɗa da garin gujiya da tonka da ɗan abin da ke aikin kanwa, a tuƙa a wuta har ya daskare, a yanka shi gunduwa-gunduwa. Launinsa da taushinsa kamar nama. Da can abincin ƙauye ne na marasa hali. Da mutane suka cika birane sai ya bi su, yau ana sayar da shi a kasuwannin Lusaka da manyan kantuna da gidajen abinci. Orkiden da ake tonowa na jinsin Disa ne da Satyrium da Habenaria. Wato ɗan'uwan wanda ake ƙonewa a Ostareliya don ya yi yawa, shi ne ake nema ruwa a jallo a nan.

Da na Zambiya ya yi ƙaranci sai fatake suka tsallaka iyaka zuwa Tanzaniya da Malawi da Kwango da Angola. Wani bincike da aka buga cikin 2003 ya ƙiyasta curi miliyan 2.2 zuwa miliyan 4.1 ke fita kowace shekara daga tsaunukan kudancin Tanzaniya zuwa Zambiya, kuma iri har 85 abin yake iya shafa. Saboda haka ne gwamnatin Tanzaniya ta mai da tudun Kitulo gandun da doka ta tsare cikin 2005. Mutanen wurin suna kiransa Lambun Allah da harshen Suwahili, kuma shi ne gandu na farko a wannan sashe na Afirka da aka kafa don furanni, ba don namun daji ba. Tun 1975 kuma akwai yarjejeniyar duniya ta CITES, wadda ta hana ƙetare iyaka da orkide sai da takarda.

Doka tana da amfaninta, amma a ganina ba ta isa ba, domin a dubi masu tonon. A ƙauyukan kudancin Tanzaniya yawancinsu mata ne da yara, da yawa kuma daga gidajen da cutar sida ta bar marayu. Kuɗin curin nan shi ne na sabulu da na littafin lakwal. Wanda ke cikin wannan hali, in mai gadin daji ya kore shi daga nan, gobe zai tona can. Tambayar da ta fi amfani ita ce ko abin zai nomu.

Sinawa sun riga sun ba da misali. Curin Bletilla, wanda suke kira baiji, magani ne a wurinsu tun zamanin da, na tsai da jini. Da bukata ta ƙaru sai na daji ya kusa ƙarewa. Amma da yake shi mai sauƙin hali ne, ta saiwa da ta iri duka, sai aka mai da shi amfanin gona a lardunan Guizhou da Yunnan da Sicuwan, ana tone shi bayan shekara 3 ko 4. Har wani mai wuyar gaske sun horar, Gastrodia elata, wanda suke kira tiyanma. Wannan ba shi da ganye sam, da funfuna yake rayuwa daga haihuwa har mutuwa. Da masanansu suka gane haka sai suka ce a noma funfunar tukuna: a binne guntayen itace da ta kama, a jera ƙananan curi kusa da su. Tun wajen shekarun 1970 manoman duwatsu suke samun kuɗi da shi.

Ga masu curi ɗaya kuwa, dabara mafi araha daga masu renon furanni na Ostareliya ta yi ƙarfi. Suna da orkide iri biyu a ƙasarsu: masu aika dogayen saiwoyi su yi ɗiya a ƙarshensu har su cika tukunya, kamar wasu Pterostylis, da masu canji ɗaya bisa ɗaya. Don su yawaita na biyun, sai su jira lokacin fure, su juye tukunya a hankali, su murɗe sabon curin su ajiye shi, su mai da shukar cikin ƙasa da tsohon curinta, su ci gaba da ba ta ruwa. Shukar da ta ji an ɗauke mata ajiya sai ta yi ƙoƙari ta ƙulla wata kafin rani. Ɗaya ta zama biyu. Ƙungiyarsu tana tara rarar curin tana rarraba wa ƴaƴanta, don kada kowa ya tafi daji tono. Wannan kuwa shi ne daidai abin da mai tonon salep yake yi, in ban da abu ɗaya: shi yana jefar da shukar bisa ƙasa rana ta kashe ta. Shi ya sa masu bincike suke roƙon masu tono su mai da ita raminta su taka.

A Zambiya, daga 2016, masanan lambun Kew na Ingila da jami'ar Copperbelt da ke Kitwe sun yi aiki tare da ƙauyuka don tsirar da irin cikanda cikin kwalba da koya wa mata renonsa. Irin wannan aiki yana tafiya a hankali, gama daga ƙura zuwa curin da zai shiga turmi shekaru ne. A Turkiyya an fi ci gaba. Cibiyar binciken noma da ke Menemen, kusa da Izmir, ta bi orkiden salep ɗaya bayan ɗaya tana neman waɗanda ba su tsaya ga curi guda ba, ta kuwa samu, cikinsu har da Serapias vomeracea da wanda ake kira Orchis sancta, masu yin ɗiya fiye da ɗaya in ƙasa ta yi musu daɗi. Da su aka fara gonakin gwaji, daga nan manoma suka karɓa. Ana binne curin da kaka a kan kunya, ya yi ganye cikin ruwan ɗari, a tone shi wajen watan Afrilu ko Mayu. Manya su tafi tukunyar tafasa, ƙanana a ajiye su cikin inuwa su zama irin baɗi, kamar dai yadda ake yi da dankalin Turawa.